Sunan Yanka da Laƙabi: Rundunonin Tsaron Gida na Japan a 1945

Ranar 28 ga Fabrairun 1945 hedkwatar sojan ƙasa ta Japan ta ba da umarni a kafa sababbin rundunoni goma sha shida a tashi ɗaya. A ranar ana can ana gwabzawa a tsibirin Iwo Jima, birnin Manila yana gab da kuɓucewa, kafin mako biyu su cika kuma jiragen Amurka suka ƙone gabashin Tokyo cikin dare guda. Babu hafsan da bai san cewa yaƙin da aka yi shekara da shekaru ana kai wa gidajen mutane ya juyo ya nufo gida ba. Kowace runduna aka ba ta lamba, daga 140 zuwa 160 da tsallake-tsallake a tsakani, aka kuma raɗa mata suna. Sunayen nan goma sha shida duk da harafi ɗaya suka fara, 護, wanda ake karantawa "go" idan an haɗa shi da wani. Ma'anarsa karewa ko tsarewa.

Kafin a gane abin lura a nan, sai an san yadda sojan Japan yake raɗa suna. A rubutun da suka aro daga Sin, harafi guda kalma ce sukutum da ma'anarta. Tun wajen 1940 aka tsara cewa kowace babbar runduna, bayan lambarta ta hukuma wadda ba a son abokin gaba ya sani, za ta riƙe wani sunan ɓoye da ake kira tsushogo, yawanci harafi ɗaya tak. Soja in zai rubuta wasiƙa gida ba ya faɗin rajimantinsa. Harafin rundunarsa zai sa, ya bi shi da wata lamba da ba ta nuna wa baƙo komai, uwarsa ma da wannan adireshin za ta mayar masa da amsa.

Tsofaffin sunayen suna da ɗanɗano irin na kirari. Runduna ta 5 daga Hiroshima Koi ce, kifin nan da suke kiwo a tafkunan lambu, domin da shi ake wa tsohuwar fadar garin laƙabi. Ta 7 daga Hokkaido, ƙasar sanyi da daji, Kuma ce, wato beyar. Ta 4 daga Osaka ta ɗauki sunan kogin Yodo. Ukun da aka tura su ci Imphal da Kohima a kan iyakar Indiya a 1944 su ne Yumi, baka, da Retsu, tsanani, da Matsuri, biki. Bikin da aka yi kuwa shi ne yunwa da zazzaɓi da atini suka zubar da dubban mutanensu a kan hanyar komawa cikin damina.

Kakanninmu da aka kai yaƙin Bama da masu irin waɗannan sunaye suka kara. Rundunonin Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, waɗanda Hausawa da masu jin Hausa suke da yawa a cikinsu, sun fafata a yankin Arakan da kwarin Kaladan a 1944 da 1945 da dakarun runduna ta 54 da ta 55 ta Japan. Ta 54 sunanta Tsuwamono, mayaƙi. Ta 55 kuwa a garin Zentsuji da ke tsibirin Shikoku aka tara ta, kuma ta nan ne zaren ya haɗu da zancenmu. Ƙa'idar sojan Japan ce idan runduna ta tafi yaƙi waje ta bar wata ƙaramar hedkwata a barikinta, wadda ake kira rusu shidan. Rusu kalma ce ta yau da gobe: in ka je gidan mutum ka tarar ba ya nan, rusu ne, wanda aka bari jiran gida ma daga ita aka samo sunansa. Aikin mai jiran gidan shi ne ta karɓi kurata, ta hore su, ta tura su cike gurbin waɗanda suka faɗi. To a Fabrairun 1945 masu gida suna warwatse daga Bama zuwa Sin zuwa tsibiran teku, jiragen ruwan da za su dawo da yawancinsu kuma suna ƙarƙashin ruwa. Sai aka waiwayi masu jiran gida aka ce su haihu. Mai jiran gidan ta 55 ita ta haifi ta 155.

Tsallake-tsallaken lambobin nan daga nan ya samo asali. Ta 142 daga Sendai ta fito, gidan ta 2. Ta 143 daga Nagoya, gidan ta 3, ta 144 daga Osaka, gidan ta 4, ta 147 daga Asahikawa, gidan ta 7. Haka ta 153 ta fito daga Kyoto inda ta 53 ta bari, ta 157 daga Hirosaki inda ta 57 ta bari. Duk wanda ya san taswirar barikokin Japan zai karanta lambar kamar yadda ake karanta lambar mota.

Sunan ɓoyen ma bai ɓoye komai ba. Ga alama kyawawan haruffa ɗai-ɗai sun yi ƙaranci tunda rundunoni sun haura ɗari, sai aka koma bibbiyu, aka ɗauki "go" aka liƙa masa guntun sunan gari. Ta Kyoto ta zama Gokyo, mai kare Kyoto. Ta Sendai Gosen. Ta Nagoya aka ciro harafin tsakiyar sunan garin aka ce Goko. Haka aka yi wa Osaka da Utsunomiya da Kanazawa da Hirosaki. Wasu kuma aka ba su kusurwoyin duniya: ta Kumamoto Gonan, mai kare kudu, ta Asahikawa Gohoku, mai kare arewa, ta Kurume mai kare yamma. Wadda ta fi jan hankalina ita ce ta 155, Godo. Harafinta na biyu shi ne na farko a sunan Tosa, tsohon sunan lardin Kochi, inda aka kai ta gadin gaɓar teku. Amma shi kansa harafin ma'anarsa ƙasa, turɓayar da ake takawa, kuma shi ne yake ƙarshen kalmar hondo da za mu zo kanta. Manomin Shikoku da aka kira zai iya jin sunan a matsayin "mai kare Tosa", ya kuma iya jin sa a matsayin "mai kare ƙasa", duka biyun kuma hukuma na so.

Sai dai sunan ya fi faɗin inda aka ɗebo mutane a kan inda aka kai su. Gohoku, mai kare arewa, an kwaso ta daga Hokkaido an kawo ta lardin Chiba, gabas da Tokyo. Mutanen Kanazawa, waɗanda garinsu ke kallon tekun da ke tsakanin Japan da Koriya, an ƙetarar da su ɗaya gefen ƙasar, wajen doguwar gaɓar Kujukuri. Gokyo ba a Kyoto ta zauna ba, yankin Ise aka kai ta, inda babban wurin bautar gidan sarauta yake. Ni dai a ganina ba don a ruɗa Amurkawa aka zaɓi sunayen nan ba. Don kunnen kurtun aka zaɓe su, mutumin da aka raba da gonarsa ana so ya riƙa jin sunan garinsu duk lokacin da ya rubuta adireshi.

Biyu daga cikin sha shidan ba a Japan aka kafa su ba. Koriya, wadda Japan ta haɗiye a 1910, Chosen suke kiranta, haruffa biyu. Sai aka raba sunan gida biyu: ta 150 da aka tara a Seoul ta ɗauki "cho" ta zama Gocho, ta 160 da aka tara a Pyongyang ta ɗauki "sen" ta zama Gosen. A kunne ba ta da bambanci da ta Sendai, sai a rubuce. Wata shida bayan haka aka raba ƙasar kanta a layi na 38, Seoul a kudu, Pyongyang a arewa. Dacewa ce kawai, ba zan ɗora mata nauyin da ba nata ba. Abin tambaya na gaske yana cikin harafin farko. Tun 1944 ake tilasta wa samarin Koriya shiga sojan Japan. Rundunar da ake kira mai kare Koriya, daga wa take kare ta, kuma wa za ta miƙa wa in ta kare?

A takardun hukuma ajin waɗannan rundunoni shi ne engan haibi shidan, rundunar da aka girke a gaɓa. Tsarinsu ya bambanta da na sauran. Maimakon rajimanti uku na sojan ƙafa, huɗu aka ba kowacce, lambobinsu a jere daga 401 zuwa 464, Godo ta samu 449 zuwa 452. Uku za su shiga ramuka su zauna daram, ta huɗun ce kaɗai aka tanada don kai farmaki. Igwa kaɗan, dawaki da motoci ba su taka kara sun karya ba, domin ba a nufin su je ko'ina. Aikinsu su riƙe ƙafar abokin gaba a bakin ruwa na 'yan kwanaki, ko da za su ƙare ƙaƙaf, har rundunonin da aka ajiye a baya su iso su buga.

Kamar yadda mutum kan samu sunan yanka daga ubansa, unguwa kuma ta raɗa masa wanda ya dace da halinsa, haka waɗannan ma ba su tsira ba. Laƙabin da ya bi su shi ne haritsuke shidan, runduna liƙaƙƙiya, wadda aka manna a gaɓa kamar takarda a bango. Ga kuma wani abu da duk mai jin Japananci zai ji ba sai an nuna masa ba: akwai wata kalmar haritsuke, furuci ɗaya, harafi daban, wadda take nufin hukuncin kisa na zamanin da, inda ake ɗaure mai laifi a jikin gungume a soke shi da masu. Wani laƙabin kuma shi ne kakashi, mutum-mutumin da ake kafawa a gonar shinkafa don korar tsuntsaye. Tsakanin "mai kare Kyoto" da "mutum-mutumi" akwai tazara, kuma in ana neman wanda ya fi kusa da gaskiyar tsarin rundunar, wadda ba ta da ƙafar tafiya, ba ta da igwar da za ta mayar da martani ga jiragen ruwan yaƙi, ai ba sai an yi dogon bincike ba.

A duba mutumin da ke cikin ramin. Jar takarda ce ta kawo shi, akagami, sammacin da ma'aikacin ofishin gari yake kai wa mutum har ƙofar gida. Tun 1943 aka ɗaga shekarun da za a iya kiran mutum zuwa 45, aka kuma sauko da shekarun shiga zuwa 19, saboda haka a layi ɗaya za ka ga mai furfura da wanda gemu bai fito masa ba. Bindigogi ba su isa kowa ba. A wurare da dama gorar ruwan ƙarfe ta zama guntun gora da aka toshe bakinsa, kuben banati ma na gora. Yawancin kwanakinsa ba atisaye yake yi ba, haƙa yake yi, da diga da shebur, yana fafe duwatsun bakin teku yana tokare ramin da itace saboda siminti ya yi wuya. In ya fito daga rami ya nufi kuyyar dankalin da rukuninsu ya shuka, don abincin hukuma ba ya kai shi yamma.

An sake yin irin wannan tari sau biyu. Ranar 2 ga Afrilu aka kafa rundunoni takwas masu lambar ɗari biyu da wani abu, su ne masu bugun da za su zo daga baya, aka ba su samari da kayan da suka fi kyau. Ranar 23 ga Mayu aka ƙara goma sha tara, waɗanda wasunsu har yaƙi ya ƙare ba su gama haɗuwa ba. A waɗannan tari biyu aka bar "go" aka koma duwatsu da koguna da tsofaffin larduna: Aso, dutsen da ke aman wuta a Kyushu, Hiei da ke kan Kyoto, kogin Tone, Musashi. Waɗanda suke da tarihi a bayansu su ne abin dubawa. Ta 212 Kikuchi ce, sunan wani gidan mayaƙa na Kyushu da ya tsaya wa Sarki Go-Daigo a ƙarni na 14, shugabansu ya mutu a harin Hakata a 1333. Ta 225 Kongo ce, dutsen da Kusunoki Masashige ya riƙe da mutane kaɗan a gaban babbar runduna a shekarar nan, kafin ya tafi yaƙin da ya san ba zai ci ba a Minatogawa a 1336 ya mutu. Ta 224 Ako ce, garin barorin nan arba'in da bakwai da suka rama wa ubangidansu, aka kuma umarci arba'in da shida daga cikinsu su kashe kansu a 1703. Kowane ɗan firamare a Japan ta lokacin ya san labaran nan, ya kuma san yadda suke ƙarewa. Hausawa suka ce suna linzami ne, masu raɗa waɗannan kuwa sun san inda suke ja.

A ɗaya ɓangaren teku ma ana raɗa sunaye, da wani irin hali daban. Amurkawa sun shirya sauka a kudancin Kyushu ranar 1 ga Nuwamban 1945, shirin da suka kira Olympic, sannan su sauka kusa da Tokyo, a Kujukuri da mashigin Sagami, ranar 1 ga Maris na 1946, shi ne Coronet. Gaɓoɓin Kyushu da sunayen motoci suka yi musu alama. Yankin Miyazaki, inda ta 156 take haƙa ramukanta, a taswirarsu Buick ne da Cadillac da Chevrolet. Hafsoshin Japan sun canki wuraren saukar daidai, ba don leƙen asiri ba, don gaɓoɓin da za su ɗauki irin wannan taro ba su da yawa. Su ma Amurkawan suna karanta saƙonnin rediyon sojan Japan, suna ƙirga sababbin rundunoni ɗaya bayan ɗaya yayin da suke shiga Kyushu, har suka kai goma sha huɗu a watan Agusta. Asirin da aka ƙirƙiro tsushogo dominsa ya daɗe da tonuwa.

Shi kansa tarin mutanen suna biyu gare shi. A takarda heibi ne, shirin soja, na ɗaya da na biyu da na uku, sai ka ce lissafin kasafin kuɗi. Sunan da ya bi shi cikin littattafan tarihi shi ne nekosogi doin. Nekosogi ita ce a tumɓuke tsiro har saiwa, kada a bar abin da zai sake tofowa. An nemi ƙarin mutum wajen miliyan ɗaya da rabi daga ƙasar da masana'antunta da gonakinta suka riga suka koma hannun mata da ɗalibai da tsofaffi. Kowane namiji da aka kai gaɓa hannu ne da aka cire daga dashen shinkafa, kuma girbin 1945 ya zo da mummunan ƙaranci.

Duk wannan shiri sunansa hondo kessen, yaƙin raba-gardama a hondo. Kalmar hondo, "ainihin ƙasa", tana da kaifi fiye da yadda take a ido. Okinawa lardin Japan ce tun 1879, lokacin da aka rushe masarautar Ryukyu, mutanenta suna biyan haraji, ana ɗaukar 'ya'yansu soja. Amma babban tsarin yaƙin da aka amince da shi a Janairun 1945 ya lissafa ta a bakin gaba, cikin wuraren da za a jinkirta abokin gaba a zubar masa da jini kafin ya iso ainihin ƙasar. Daga 1 ga Afrilu zuwa ƙarshen Yuni an kashe mutum sama da 200,000 a can in an haɗa kowane ɓangare, farar hula 'yan tsibirin kusan 94,000 a cikinsu. Watannin nan uku su ne rundunonin "go" suka samu na haƙa rami. Daga baya mutane suka riƙa kiran Okinawa suteishi, kalmar masu wasan go na allo, dutsen da ɗan wasa yake sadaukarwa don ya ci wani wuri. Bayan yaƙi ta zauna a hannun Amurka har 1972, kuma har gobe hondo a bakin mutumin Okinawa tana nufin can, ba nan ba.

Sunayen manyan shirye-shiryen ma suna da nasu labarin in aka jera su. Na 1944, wanda ya ƙare da hallakar jiragen ruwa a Leyte, Sho ne, nasara. Na Okinawa Ten ne, sama. Na gida, wanda aka fitar a Afrilun 1945 aka kasa shi yanki bakwai daga Hokkaido zuwa Koriya, Ketsu ne, yanke hukunci. Nasara ta fita daga cikin sunan. Hedkwatar ta daɗe da ƙwarewa a wannan sana'a. Da aka janye daga Guadalcanal a Fabrairun 1943 ba a ce an ja da baya ba, tenshin aka ce, an juya an ci gaba ta wata fuska. Da aka karkashe dakarun tsibirin Attu a watan Mayun shekarar, gyokusai aka ce, tarwatsewar dutse mai daraja, kalmar da aka tono daga wani tsohon littafin tarihin Sin. Zuwa 1945 an kai ga ichioku gyokusai, mutum miliyan ɗari su tarwatse tare. Mutanen Japan ɗin kanta ba su kai miliyan 75 ba. Sai an zuba Koriyawa da mutanen Taiwan kafin lissafin ya cika, ba tare da an tambaye su ba.

Kalmar da aka fi zalunta a ganina ita ce giyu. Haruffa biyu ne masu kyau, ɗaya abin da ya wajaba a kan mai mutunci, ɗaya jarunta, a haɗe kuma suna nufin abin da muke kira sa-kai. A Maris na 1945 aka kafa Kokumin Giyutai, ƙungiyar sa-kai ta al'umma, don aikin ƙarfi: kashe gobara, gyaran hanya, jigilar kaya, haƙa rami. Ranar 23 ga Yuni, ranar da Okinawa take tunawa da ita a matsayin ƙarshen yaƙinta, aka fitar da dokar aikin soja na sa-kai. Ta hau kan kowane namiji daga shekara 15 zuwa 60, da kowace mace daga 17 zuwa 40, za a iya mayar da su Kokumin Giyu Sentotai, dakarun faɗa, duk lokacin da aka ga dama. An yi lissafin mutum miliyan 28. Wanda ya ƙi amsa kira ɗauri ne hukuncinsa. Sa-kai ke nan da dokar ɗauri a bayansa. Babu kaki, sai ɗan farin ƙyalle a ƙirji mai ɗauke da harafin "yaƙi". Makami kuwa abin da ka samu a gida: lauje, gatari, wuƙar kicin, tsohon takobi, da takeyari, mashin gora da ake fiƙe bakinsa a gasa shi a wuta ya yi tauri.

Mashin nan ya taɓa jawo wa wani ɗan jarida bala'i. Ranar 23 ga Fabrairun 1944 jaridar Mainichi ta buga sharhin Shinmyo Takeo, inda ya nuna cewa da gora ba za a tare abokin gaba ba, jiragen sama ake bukata. Firaminista Tojo Hideki ya fusata. Ba a daɗe ba jar takarda ta sami marubucin, yana da shekara 37, aka kai shi barikin Marugame a Shikoku a matsayin kurtu. Bai faɗi abin da hafsoshi ba su sani ba. Laifinsa ya kira abu da sunansa a shafin farko.

'Yan sa-kan sun mutu, ko da yake ba a inda aka shirya musu ba. Safiyar 6 ga Agusta dubban 'yan Giyutai daga ƙauyukan kewaye, tare da ɗaliban sakandare, suna tsakiyar Hiroshima suna rushe gidaje don buɗe hanyar tare gobara, a fili, ba abin da ya raba su da sama, lokacin da bom ɗin ya fashe. A garin nan ne kuma hedkwatar da ke jagorantar tsaron yammacin ƙasar duka take, ƙarƙashin Hata Shunroku. A kudancin Sakhalin, wanda Japan ke kira Karafuto, an tura dakarun sa-kan sun yi faɗa da sojan Tarayyar Sobiyet a watan nan.

Rundunonin "go" kuwa babu wadda ta ga abokin gaba ya sauko daga jirgi. Ranar 15 ga Agusta Sarki Hirohito ya yi magana a rediyo, cikin 'yan makonni aka sallami mutanen, kowa ya saɓa bargonsa ya nemi jirgin ƙasan garinsu. Wata shida suka yi a duniya, ramukansu na nan a duwatsun Kochi da Miyazaki da Chiba. Masu tarihi suna ta gardama a kan ko za su iya riƙe gaɓar na kwana nawa, amma duk wanda zai shiga gardamar gara ya fara da haritsuke da kakashi da nekosogi kafin ya saurari Gokyo da Kikuchi, domin na farkon sun bayyana abin da aka gina, na biyun kuwa abin da ake so mutane su ji ne.

Halin kuma bai mutu da rundunonin ba. Ranar 15 ga Agusta shusen ake ce mata a hukumance, ƙarewar yaƙi, ba haisen ba, shan kaye. Sojan mamaya na Amurka shinchugun aka kira su, dakarun da suka shigo suka zauna. Tsarin mulkin 1947 ya hana Japan riƙe sojan yaƙi, saboda haka abin da aka kafa a 1950 'yan sandan ko-ta-kwana aka ce da shi, a 1954 ya zama Jieitai, dakarun kare kai. Tankar yaƙinsu tokusha aka riƙa kiranta, mota ta musamman, har zuwa 1962. Sojan ƙafa kuwa har yau futsuka ne a takardunsu, sashen gama-gari, masu harba igwa kuma tokka, sashe na musamman.